Shin albashin nas a Ingila zai riƙe gida mai mutum biyar?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, shekarata tara ina aiki. Na ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta, kuma wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila ya yi mini tayin aiki da albashin fam 31,049 a shekara. Ina da miji, malamin makarantar sakandare, da yara uku masu shekara bakwai, da huɗu, da ɗaya da rabi. Idan na juya kuɗin zuwa naira sai in ga ya haura miliyan sittin, amma wata ƙawata da ke can ta ce kada in ruɗu. Shin wannan albashi zai ishe mu zama cikin rufin asiri idan muka tafi gaba ɗaya, har in riƙa aiko wa iyayena wani abu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan nasara, domin duk wanda ya san wahalar waɗannan jarrabawa ya san ba ƙaramin ƙoƙari kika yi ba. Ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, kuma abu na farko da zan roƙe ki shi ne ki daina juya albashin nan zuwa naira, saboda da fam za ki biya haya, da fam za ki yi cefane, kuma abin da ya rage bayan haka ne kaɗai ya cancanci a lissafa shi da kuɗinmu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kuɗin da aka rubuta miki shi ne albashin farko na mataki na biyar a hukumar lafiya ta NHS a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, kuma ba shi ne zai shiga asusunki ba. Fam 12,570 na farko ba a cire musu haraji, abin da ya haura haka ana cire masa kashi 20 cikin ɗari, sannan a cire kashi 8 na inshorar ƙasa, sai kuma gudummawar fansho wadda a matakinki ta ɗan haura kashi 8 na albashin duka. Idan aka gama yanke-yanken nan, abin da zai zo hannunki a wata yana tsakanin fam 1,950 da 2,000. Ki kuma sani cewa kafin ki ci jarrabawar gwajin aiki a aikace da ake kira OSCE, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, ta ba ki lambar rajista, yawancin asibitoci suna biyan baƙuwar nas a mataki na uku ko na huɗu ne, don haka watannin farko za su fi wannan ƙunci.

Haya ce ke cinye mafi yawan albashi a Ingila, kuma a nan kin yi sa'a da aikin ya faɗo a arewa. A Landan matsakaicin kuɗin haya ya haura fam 2,000 a wata, wato ya fi albashinki duka, kuma ƙarin da ake ba ma'aikatan asibitocin birnin ba ya cike wannan giɓi. A garuruwa irin su Sunderland, Hull ko Bradford kuwa, a ƙiyasina gida mai ɗakin kwana biyu ko uku zai ci miki fam 750 zuwa 900. Masu gidaje ba sa yarda mutum biyar su cunkushe a ɗaki ɗaya, don haka dabarar a fara da ɗaki ciki da falo a lallaɓa ba za ta yi aiki ba. Kafin a ba ki mabuɗi za ki biya hayar wata ɗaya da kuɗin ajiya wanda doka ta ƙayyade kada ya wuce na mako biyar, kuma da yake ba ki da tarihin biyan bashi a ƙasar, mai gida yana iya neman wanda zai tsaya miki.

Mu ƙaddara hayar fam 850 ce. Harajin ƙaramar hukuma, wanda mazaunin gida ke biya ko da haya yake yi, zai kai 130 zuwa 150. Wuta da gas za su ci kusan 160 idan aka raba kuɗin shekara wata-wata, kuma ba abin da za a yi wa tsumulmula ba ne, domin a watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, gidan da ba a ɗumama shi kuma yakan yi danshi har ya taɓa ƙirjin yara. Ki ƙara kuɗin ruwa, da waya, da intanet, da motar zuwa aiki, kusan 180 gaba ɗaya. Cefanen mutum biyar da ake girki a gida, a sayi naman halal a shagunan 'yan Pakistan, a riƙa leƙa shagon 'yan Afirka don manja da garin tuwo da kuka, da wuya ya gaza 550. Jimillar ta doshi fam 1,900, ba a sayi rigar sanyi ko takalmin makaranta ba, ba a yi maganar Sallah ba, kuma Baba da Inna ba su ga ko sisi ba.

Akwai sauƙi ta wasu fuskoki, kuma bai kamata in ɓoye miki ba. Bizar ma'aikatan lafiya ta ɗauke miki, ke da maigida da yara, kuɗin lafiya na shekara-shekara da sauran baƙi ke biya, wanda ya kai fam 1,035 ga kowane babba, don haka za ku ga likita ba tare da biya ba. Makarantar gwamnati kyauta ce, babban zai shiga aji da zarar an samu gurbi, mai shekara huɗu kuma yana dab da shiga ajin share fage. Aikin dare da na Asabar ana ƙara masa kashi 30 cikin ɗari, na Lahadi da ranakun hutu kashi 60, kuma da wannan ne mafi yawan 'yan'uwanmu da ke can suke samun rarar da suke aikowa gida. Sai dai jiki da jini ne, kuma uwar da ta yi awa goma sha biyu a tsaye dare uku a jere ba ta da sauran ƙarfin da za ta ba 'ya'yanta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙaramar, mai shekara ɗaya da rabi. A Kano idan kina da aikin dare kina da kaka, da ƙanwa, da maƙwabciya, kuma babu wanda ya taɓa kawo miki takardar biya don ya riƙe miki yarinya. Wannan taimako dukiya ce da ba ta bayyana a takardar albashi, shi ya sa mai shirin tafiya ba ya lura da ita sai ya rasa ta. A Ingila gidan reno na cikakken yini ga yaron da bai kai shekara biyu ba yakan haura fam 1,000 a wata. Bizarki kuma tana ɗauke da sharaɗin da ya hana ku cin tallafin gwamnati, don haka babu kuɗin tallafin yara, babu taimakon haya, kuma awa 30 na reno kyauta da ake ba iyaye masu aiki ba za ku samu ba, sai dai awa 15 a mako da ake ba kowane yaro mai shekara uku zuwa huɗu. Barin ƙananan yara su kaɗai a gida, ko ɗora wa ɗan shekara bakwai renon ƙanne, yana iya jawo jami'an kula da yara cikin gidanki, kuma wannan ba fitinar da za a so wa baƙo ba ce.

Saboda haka amsar tambayarki tana hannun maigida fiye da yadda take a takardar albashi. Doka ta ba shi damar yin kusan kowane irin aiki, kuma mafi ƙarancin lada ga babba da aka ƙayyade a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa. Idan yana aiki, gidan zai numfasa, har a samu na ajiya da na aike. Amma mai yiwuwa aikin farko da zai samu ya zama na rumbun ajiyar kaya ko na shago, kuma dole lokacinsa ya saɓa da naki, idan kina asibiti yana gida yana wanka da girki da kai yara makaranta. Malamin da ake gaishe shi da girmamawa a unguwa ba lallai ba ne wannan ya zo masa da sauƙi, kuma ba laifinsa ba ne idan ya ji nauyi. Ku zauna ku yi wannan magana filla-filla tun kuna gida, kafin ya ajiye aikinsa, domin aure da dama sun girgiza a can kan abin da ba a tattauna ba tun farko.

Shawarata ita ce ki fara tafiya ke kaɗai. Asibitoci da yawa suna ba sababbin ma'aikata masauki na 'yan makonni ko watanni, ki yi amfani da wannan lokaci ki ci jarrabawar, ki karɓi cikakken albashi na wata huɗu ko shida, ki kama gida kusa da makaranta da masallaci, sannan iyali su biyo ki. Na san rabuwa da jaririya abu ne mai ciwo, ban kuma ɗauke shi da wasa ba, amma saukar mutum biyar lokaci ɗaya a kan albashin mataki na huɗu ta fi shi haɗari. Kafin ki sa hannu, ki karanta sashen kwantiragin da ke maganar mayar da kuɗin jirgi da na jarrabawa idan kika bar aikin da wuri, ki kuma gaya wa iyayenki da 'yan'uwa tun yanzu cewa shekarar farko ba ta aike ba ce.

Tambaya: Ni magidanci ne a Zariya, ina da mata biyu, kuma ina neman aikin asibiti a Ingila. Nawa ya kamata in tanada kafin tafiya, kuma zan iya tafiya da su duka?

Amsa: Malam, dokar shige da fice ta Birtaniya ba ta ba mutum damar shigo da fiye da mace ɗaya a matsayin matar aure, don haka gida biyu za ka riƙe a ƙasa biyu, kuma maganar adalci tsakaninsu ta kamata ka kai ta gaban malamai da iyaye kafin ka nemi biza. Ka kuma tantance irin aikin, domin tun 11 ga Maris 2024 aka hana masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar su daga waje, saboda haka duk dillalin da ya ce ka biya shi miliyoyi ya samo maka wannan aiki, ka riƙe kuɗinka.

Game da tanadi, hukuma tana so ta ga fam 1,270 a asusunka na kwana 28 a jere, da 285 na uwargida, da 315 na ɗa na farko, da 200 na kowane ɗa bayansa, sai dai idan asibitin ya ɗauki nauyin wannan a rubuce. Wannan adadi na cika sharaɗi ne kawai, bai isa zama ba. Ka lissafa kuɗin biza na kowane mutum, da gwajin tarin fuka da ake yi a Abuja ko Legas, da tikitin jirgi, da hayar wata ɗaya da kuɗin ajiya, da kayan gida, da kayan sanyi, sannan ka ɗora abin da zai ciyar da gidan da ka bari a Zariya na aƙalla wata uku kafin albashinka ya daidaita.