Wace fitilar LED zan saya don shuka a cikin ɗaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a bene a Kaduna, kuma tagar ɗakina ba ta samun rana sai ɗan lokaci da safe. Na shuka latas da na'a-na'a da tumatir a robobi, sai suka miƙe sirara suna langaɓewa. Na ga fitilu an rubuta 1000W a kwalinsu, wasu kuma haskensu ja ne gauraye da shuɗi. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Wannan miƙewa da kika gani yunwar haske ce: tsiro yana tsawaita karansa yana neman rana, sai ya yi rauni. Kafin ki kashe kuɗi, ki duba ko akwai baranda ko saman rufi da rana ke kaiwa sa'o'i biyar zuwa shida. Hasken tsakar rana a ƙasarmu ya ninka na fitilar gida sau da yawa, kuma kyauta ne. Idan babu, to sai fitila.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kada lambar kwali ta ruɗe ki. Yawancin fitilun da aka rubuta wa 1000W, ainihin wutar da suke ja ba ta wuce wat 100 zuwa 150 ba. Ki juya kwalin ki nemi ainihin wutar da take ci. Sannan ki nemi adadin da ake rubutawa PPFD, wato yawan hasken da ke sauka a kan ganye daga wani nisa. Tsiro yana amfani da hasken da ke tsakanin nanomita 400 da 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, wanda ke bambanta launukansa), amma lumen, ma'aunin hasken fitilar gida, ba ya gaya miki abin da tsiro ke samu, domin an yi shi ne don idon ɗan Adam. Kamfanin da ya san abin da yake sayarwa zai buga taswirar PPFD tare da nisan da aka auna. Wanda ya ɓoye ta, ni dai ba na ba shi kuɗina.

Latas da na'a-na'a ba su da tsananin buƙata. PPFD na 200 zuwa 300 na tsawon sa'o'i 14 a rana ya wadatar da su. Tumatir kuwa sai ya samu kusan ninki biyu kafin ya yi fure ya ɗaure 'ya'ya. Gaskiya zan faɗa miki: a ɗaki, tumatirin da za ki girbe ba zai biya kuɗin wutarsa ba. Ki fara da ganyayyaki.

Game da launi, masu ja da shuɗi suna aiki, tunda waɗannan launuka biyu ne koren sinadarin ganye ya fi sha. Amma na fi son farar fitila mai 4000K zuwa 6500K (lambar da ke nuna launin farin hasken), domin a ƙarƙashinta za ki ga ganye ya fara rawaya ko ƙwari sun hau shi tun da wuri, kuma ba ta gajiyar da ido a ɗakin da ake zama.

Ki rataye ta kamar santimita 30 zuwa 45 sama da ganye, ki riƙa ɗaga ta yayin da suke girma. Idan saman ganye ya fara fari ko naɗewa, ta yi kusa. Ki kashe ta da dare, tsiro ma yana buƙatar duhu.

Saura batun wuta, wanda shi ne matsalarmu a nan. Ki tabbata an rubuta 100 zuwa 240V a jikinta, domin wasu an yi su ne don Amurka mai 120V, da zarar an jona su a namu sai su ƙone. Ki zaɓi mai farantin alminiyam a bayanta wanda ke fitar da zafi, saboda zafin bazara yana rage wa LED kwana. Fitila mai wat 100 da ke kunne sa'o'i 14 tana cin yunit 1.4 a rana, wato 42 a wata. Idan da sola kike aiki, ki kunna ta da rana lokacin da farantin sola ke caji, don kada ta shanye batirin da dare.