Maje Garko da jerin dawakin Sallah

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso tun ranar Laraba, ƙanwarka ce ta karanta mini, don idon nan ya fara ƙin ƙananan baƙaƙe. Ka ce ka je ɗaurin aure ka ji maroƙi yana wasa wani da "jikan Maje Garko", ka duba jerin sarakunan Kano ba ka ga mai wannan suna ba. Ka kuma tambaya ko jerin 'yan bindiga da 'yan lifidi da kake gani a hawan Sallah ado ne kawai. Amsar duka biyun tana cikin basasa. Ku yaran yanzu in an ce basasa sai hankalinku ya tafi yaƙin Biyafara na 1967. Mu da muka tashi a gaban tsofaffi, in suka ce "shekarar basasa", rikicin Yusufawa da Tukurawa suke nufi, daga ƙarshen 1893 zuwa farkon 1895.

Bari in fara sallamar ta "Maje", ita ce mai sauƙi. Ba a son kama sunan babba gatsau, ba a kuma son cewa ya mutu a wuri kaza. Sai a sakaya a ce wanda ya je can, ya je bai dawo ba ke nan. Sarki Usman ɗan Dabo shi ne Maje Ringim. Ƙanensa Abdullahi ya rasu a Karofi cikin ƙasar Katsina yana kan hanyar Sakkwato, ya zama Maje Karofi. Abbas kuwa Maje Nasarawa. Maje Garko shi ne Galadima Yusufu ɗan Abdullahi. Bai taɓa kwana a Gidan Rumfa a matsayin sarki ba, shi ya sa ba ka gan shi a jeri ba, amma rundunar da ya tara ita ta yanke wanda zai zauna a can.

Malam Ibrahim Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, 'ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi: Usman, Abdullahi, Muhammadu Bello. Cikin ukun, Abdullahi ya fi daɗewa, wajen shekara 27, ya kuma bar 'ya'ya da yawan gaske, da bayi da barori da hakimai waɗanda duk a hannunsa suka ci rawani. Da Bello ya hau, sai ya shiga tuɓe mutanen wansa ɗaya bayan ɗaya yana naɗa nasa, ya ja ɗansa Tukur har ya kai shi Galadima. Kowa a birni ya gane inda aka dosa. Shi Yusufu dama ya taɓa riƙe wannan sarauta ta Galadima, mahaifinsa da kansa ya sauke shi, ya zauna a gida shekara da shekaru yana kallo. Duk wanda aka cire wa rawani, zauren Yusufu yake zuwa hira.

Sai ga yaƙin Argungu. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi Ɗanyen Kasko, ya hau a 1891, bai daɗe ba ya ɗaura yaƙi da Sarkin Kabi Sama'ila. Yaƙin bai yi wa Sakkwato daɗi ba, amma Tukur da ya jagoranci Kanawa ya nuna mazakuta a gaban idon Sarkin Musulmi, shi kuwa ya riƙe masa wannan. Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin. Umarni ya zo a naɗa Tukur. Ana ba da labari cewa Waziri ya hango fitinar ya yi ƙoƙarin jan hankalin ubangidansa, aka ƙi ji. Ka lura da al'adar nan, tunda ita ka tambaya. Masu zaɓen sarki, su Madaki na Yolawa, Makama na Jobawa, Sarkin Bai na Dambazawa da Sarkin Dawaki Mai Tuta, su ke tuntuɓa, Sakkwato ta tabbatar, sa'an nan jama'a su zo su yi mubaya'a. Tukur ya sami rawani da takardar Sakkwato. Mubaya'ar ce ta yi masa ƙaranci. 'Ya'yan Abdullahi suka ƙi zuwa gaisuwa, suka ɗaura sirdi suka fice daga birni, suka nufi kudu maso gabas, suka yada zango a Takai.

Zaɓen Takai shi ne dabara ta farko, kuma a ganina ita ce ta ci yaƙin. Gari ne na ribaɗi, mai ganuwa, wanda aka ƙarfafa don tsare Kano daga harin Ningi. Mazaunansa mayaƙa ne da suka saba kwana da kwari a kafaɗa, Yusufu kuma ya san ƙasar da mutanenta tun zamanin yaƙe-yaƙen Ningi na mahaifinsa. Daga birni tafiyar kwanaki ce, sai an ƙetare kogi a Wudil. Da ya tsaya a unguwarsa cikin birni, da dogarai sun gama da shi a dare ɗaya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Daga Takai ya aika jakadu ko'ina, har Gumel wadda ba ta ƙarƙashin tutar Sakkwato, har Ningi ɗin da aka ƙarfafa garin don tsare harinta. Wannan na ƙarshen har yau in na tuna sai in girgiza kai.

Amma fa kada ka ɗauka Yusufawa ba su yi wauta ba. Jininsu yana tafasa, a farkon 1894 suka taso kai tsaye suka faɗa wa birni. Ka san ganuwar Kano a zamanin ba irin tsibin ƙasar da kake gani yau a gefen titi ba ce. Doguwa ce mai kauri, ga gwalalo a bayanta, ga sarƙaƙiya, ƙofofin kuma ƙunci gare su, mahayi ɗaya ko biyu ke wucewa a lokaci guda. A cikinta akwai gonaki da kududdufai da rijiyoyi, ba a cin ta da yunwa cikin sauƙi. Doki kuwa ba ya hawa bango. Tukur ya kore su, aka kashe na kashewa, aka kama da yawa.

A nan Tukur ya yi nasa kuskuren, wanda ya fi nasu girma. Maimakon ya bi su da barade tun suna warwatse ya hana su sake haɗuwa, sai ya koma cikin ganuwa ya shiga hukunta kamammu da kisa, da farautar duk wanda ake zargi da ƙaunar 'ya'yan Abdullahi. Yaƙin gida ba irin na waje ba ne. Wanda ka yanka a bakin kasuwa, ƙanen matar hakiminka ne, ko ɗan malamin da ya koya wa baradenka karatu. Kowane kisa sai ya tura wani gida zuwa Takai. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana yarinya a lokacin, abin da ta riƙe shi ne yadda aka daina hira a ƙofar gida bayan isha, don ba ka san kunnen wa ke bayan zana ba.

Yusufu ya koyi darasi. Ya bar ganuwa ta zauna abinta, ya juya kan ƙasa. A wancan zamani hakimai a birni suke zaune, jakadu ke karɓo musu haraji, su kuwa manyan garuruwa irin su Gaya da Dutse da Birnin Kudu da Rano suna da sarakunansu da ganuwarsu da dawakinsu. Sai ya riƙa bin garuruwan gabas da kudu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buɗe ƙofa ya yi caffa, a bar shi da rawaninsa ya ba da mayaƙa da hatsi. Wanda ya rufe, a kewaye shi a ci, a naɗa wani daga gidan. Gaya da Dutse duk sun shiga hannu. Kowane gari da ya faɗi, riba uku ce: rumbunsa, dawakinsa, da hanyar da ta bi ta cikinsa zuwa kasuwar Kurmi. Ka haɗa da cewa a 1893 ɗin nan Rabe ya ci Kukawa, fataucin gabas dama ya rikice. Birni ya wayi gari sarki yana ciki, ƙasar da ke ciyar da shi tana hannun wani.

Wani abin da tsofaffi kan yi mamaki shi ne lokaci. A al'ada, yaƙi aikin rani ne. Sai an yi girbi, hanya ta bushe, rafi ya janye, talaka ya ajiye fartanya ya ɗauki baka. Basasa ba ta jira kaka ba, ta ratsa damina. Gonaki da yawa ba a nome su ba, aka kuma kama 'ya'yan Musulmi 'yantattu aka sayar, ta ɓangarorin biyu. Wannan shi ne abin kunyar da maroƙa ba sa sakawa a kirari.

Sarkin Musulmi ya aika wa sarakunan maƙwabta su kai wa Tukur gudummawa. Yawancinsu suka yi ta jan ƙafa, wannan ya ce dawakinsa ba su huta ba, wancan ya fito ya yi sansani nesa yana jiran ya ga inda iska ta kaɗa. Ban ga laifinsu sosai ba. Wa zai zubar da baradensa a faɗan wa da ƙane, alhali gobe da wanda ya yi nasara zai yi iyaka?

Ana cikin haka, rundunar ta matso har Garko, ciwo ya kama Yusufu, ya rasu a nan a tsakiyar 1894. Ga Maje Garkonka. A irin wannan gaɓa runduna kan watse, don 'yan'uwa da yawa kowa yana ganin ya isa. Sai aka tsaya a kan ƙanensa Aliyu, wanda ake kira Alu, ko da yake akwai waɗanda suka girme shi. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa ma ya ci. Lissafin a fili yake: in an ci birni, Sakkwato za ta fi saurin haɗiye fushinta a kan jikanta. Ga shi malami, ga shi jarumi. Kafin damina ta ɗauke, Alu ya taso da rundunar da ta ninka ta farko, wannan karon kuma akwai masu jiransu a ciki. Da ɗan gari akan ci gari. Tukur ya fice da mutanensa ya shiga ƙasar Katsina ya zauna a Kamri, yana jiran taimakon da bai zo da ƙarfi ba. Alu bai maimaita kuskuren Tukur ba, ya bi shi. A watan Maris na 1895 aka haɗu a Tafashiya, aka karya Tukurawa, Tukur ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Sarkin Musulmi ya daɗe yana cije leɓe, daga baya ya amince da abin da ya riga ya faru.

To, jerin hawa. Abin da kake gani ranar Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, kowane hakimi da tawagarsa da makaɗansa, haka ake fita yaƙi: hakimi yana kawo mutanen ƙasarsa ƙarƙashin tutarsa, sarki yana baya a tsakiyar nasa. 'Yan baka da 'yan bindiga su ke buɗe faɗa daga nesa. Bindigar lokacin ɗurawa ake yi ta baki, in ta tashi sau ɗaya sai an ɓata lokaci, don haka ƙararta da firgita dawaki sun kusa fin harsashinta aiki. Mafi yawan masu riƙe ta bayin sarki ne, ƙarƙashin manyan bayi irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, shi ya sa komawar bayin Abdullahi wajen Yusufu ta yi wa Tukur ciwo ƙwarai. 'Yan lifidi, doki da mahayi duk a naɗe cikin rigar auduga mai kauri don kibiya mai dafi, su ne ke fasa sahun abokan gaba, su ne kuma katangar sarki. Nauyi gare su, ba sa dogon gudu, in doki ya faɗi mahayin sai an ɗaga shi. 'Yan sulke da barade masu sauƙin kaya su ke zagaye da kora. Tambari da kakaki da kuge kuwa su ne wayar salular ranar, da su ake sanin sarki yana nan, da su ake kiran a taru. Jahin nan da ke sa ku ihu, inda mahaya ke sakin linzami su zo gaban sarki su ja birki su ɗaga mashi, sukuwar kai hari ce aka mayar gaisuwa: ga dokina, ga makamina, naka ne. Abin da 'ya'yan Abdullahi suka ƙi yi wa Tukur ke nan.

Alu, wanda aka fi sani da Maisango, bai huta ba. Damagaram ta matsa masa da yaƙi har kusa da birni, sa'an nan a watan Fabrairu na 1903 Turawa suka ci Kano yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Wansa Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, shi kuma Alu aka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1926. Wambai Abbas da Turawa suka naɗa ɗan Abdullahi ne, Usman da ya gaje shi a 1919 ɗan Abdullahi ne, Abdullahi Bayero ɗan Abbas ne, haka abin ya tafi. Tun daga Tafashiya sarautar Kano ba ta sake barin gidan Maje Karofi ba. Zuriyar Bello da Tukur suna nan, an yi auratayya an cakuɗe, saboda haka in kana cikin taro kada ka saki baki kana yanke wa wani hukunci, ba ka san jikan wa ke kusa da kai ba.

In Allah ya kai mu Sallah, ka zo da wuri mu sami wuri kusa da Ƙofar Kudu, in nuna maka su ɗaya bayan ɗaya. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.

Baffanka.