Tambaya da Amsa: Alƙahira a Lokacin Kirsimeti

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a Kaduna, ba na samun hutu mai tsawo sai a ƙarshen Disamba, kuma ina so in kai iyalina Alƙahira. Wani aboki ya ce mini a makon Kirsimeti manyan birane kan rufe komai, shin ba zan yi asarar kuɗin jirgi ba?

AMSA: Malam, abokinka ya faɗi gaskiya game da biranen Turai, amma lamarin Masar daban yake. Ranar 25 ga Disamba ba ranar hutu ba ce a can, domin mafi yawan Kiristocin ƙasar Kibɗawa ne, wato mabiya tsohuwar cocin Masar, kuma su ranar 7 ga Janairu suke yin Kirsimeti, wato 29 ga watan Kiyahk a kalandarsu ta gargajiya. Tun shekarar 2003 ranar 7 ga Janairun ta zama hutun ƙasa baki ɗaya. Saboda haka a ƙarshen Disamba kasuwar Khan al-Khalili da dalar Giza da masallacin Azhar, wanda aka fara gininsa a 970, duk za ka same su a buɗe.

Abin da ya kamata ya dame ka shi ne cunkoso da tsada, domin wannan ne lokacin da Turawa masu gudun sanyin ƙasashensu suke cika birnin, kuɗin otal kuma yakan haura tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Ka kama masauki da wuri. Ka kuma ɗauki rigunan sanyi, musamman na yara: da rana akwai daɗi, amma da dare sanyin yakan kai na tsakiyar hunturu a gida, ga shi rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar na yamma.

Shawarata ita ce ka ware yini guda ga Tsohuwar Alƙahira, wadda da yawa daga mutanenmu suke tsallakewa don saurin zuwa sayayya. Ka shiga jirgin ƙasa na cikin gari ka sauka a tashar Mar Girgis. Akwai taragon mata zalla idan uwargida ta fi son hakan. Kana fitowa za ka ga ragowar ganuwar Rumawa, a kan ƙofarta kuma aka ɗora cocin da ake kira Mu'allaƙa, wato ratayayya, wadda sai an hau matakala kafin a shiga. Daga nan wani siririn lungu zai kai ka cocin Abu Sarga, inda akwai ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda Kibɗawa suka yi imani cewa Nana Maryam ta fake a cikinsa da Annabi Isa yana jariri lokacin da suka yi gudun hijira zuwa Masar. Tafiyar 'yan mintoci da ƙafa kuma sai ga masallacin Amr bin As, masallaci na farko da aka gina a ƙasar, jim kaɗan bayan Musulmi sun ci ta a ƙarni na 7.

Idan hutunka zai kai 6 ga Janairu, za ka ga abin da baƙin Disamba ba sa gani. Kibɗawa sukan yi azumin kwana 43 daga 25 ga Nuwamba, ba nama ba madara ba ƙwai, sai a wannan dare bayan an tashi daga ibada wajen tsakar dare su koma gida su ci fatta, wato shinkafa da gasasshiyar gurasa da romon nama da tafarnuwa. Ana tsaurara tsaro a ƙofofin coci a daren, don haka kada ka fita ba tare da fasfo ɗinka ba, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton masu ibada.