Abba ba ya zama wuri ɗaya, kowa ya ce ni na sangarta shi

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya ke da iyali. Na daɗe ina karanta shafin nan, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan rubuto ba, amma abin ya kai ni maƙura.

Maganar ɗana ce, Abba. Sunan mahaifin maigidana gare shi, shi ya sa muke ɓoye masa suna. Da azumin da ya wuce ya cika shekara 6. Gwaggo, yaron nan ba ya zama. Kar ki ce min ƙiriniya ce irin ta yara, na san ƙiriniya, ni ce babba a ɗakinmu, ƙannena biyar a bayana suka tashi. Wannan wani abu ne daban. Daga ya buɗe ido da asuba sai ka ce ya ci ƙafar kare. Ya hau kujera, ya dira, ya kunna famfo ya tafi ya bar shi yana zuba, ya kama katanga. Kwano ɗaya na abinci ba zai zauna ya cinye ba, loma biyu ya miƙe ya zaga tsakar gida ya dawo. Shekaranjiya na aike shi ɗaki ya ɗauko min ashana, shiru shiru, ina leƙawa na tarar ya zazzage jakar ɗinkina yana jera maɓallai a ƙasa. Da na ce ina ashanar, kallona ya yi kamar yau ya fara jin kalmar. Watan jiya a bakin titi ya fizge hannunsa ya yanka da gudu saboda ya hango mai balan-balan, saura ƙiris ɗan adaidaita sahu ya kwashe shi. Mutumin ya fito yana zagina a gaban jama'a, wai wace irin uwa ce ni.

Wace irin uwa ce ni. Maganar da kowa yake faɗa ke nan, wasu da baki wasu da ido.

A zangon nan sau huɗu makaranta suna kirana. Malamar ajinsu ta ce ba ya barin kowa ya yi karatu, ana cikin tambaya zai faɗo da amsa, ba ya jiran layi, in ta juya allo sai ta same shi a ƙarƙashin benci. Fensir na daina ƙirga wanda na saya. Littafinsa layi biyu na aiki, sauran duk zanen mota. Amma ita da bakinta ta ce ba daƙiƙi ba ne, abin da ya ji sau ɗaya ya riƙe. A Islamiyya ya kusa Sabbi, kuma kullum sai ya dawo da shatin dorina a baya. Malam ya ce shi bai taɓa ganin kunnen ƙashi irin wannan ba. Ranar Talata shugabar makarantar boko ta zaunar da ni, ta rubuta min wasu haruffa a takarda, ADHD, ta ce in kai shi likita ya duba shi, in ba haka ba zango mai zuwa in nema masa wani wuri.

Da na nuna wa maigidana takardar, jefar da ita ya yi. Ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, babu wanda zai kai masa ɗa asibitin ƙwaƙwalwa yana raye. Wai ni na sangarta shi, ba na dukansa yadda ya kamata, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwaggo, wallahi na doke shi har na zauna ina kuka. Ya ba ni haƙuri, ya ce Mama ba zan ƙara ba, kafin hawayensa ya bushe ya koma kan katangar. Shi maigidan yana kasuwa tun bakwai na safe sai bayan isha'i, ni ce nake wuni da shi, ga goyo, amma ni ce mai laifi. Da dare ma in ban ba shi cokali ɗaya na maganin murar nan da mai kemis ya ba ni ba, sai sha biyu ta yi yana tsalle a kan katifa, to ni ma ai mutum ce.

Hajiya surukata kuwa yau ta ce baki ne, gobe ta ce iska ce. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kawo mai ruƙiyya sau biyu, yaro yana ta wasa da carbin mutumin. In ta ga na damu sai ta yi dariya ta ce ubansa ma haka ya yi, har ɗaure shi ta taɓa yi da ƙafar gado. Faccalata kuma 'ya'yanta uku in an ajiye su kamar an dasa, kullum da su ake min misali. Yanzu in za a gayyace ni biki ko suna sai a ƙara da cewa, amma don Allah ki bar Abba a gida. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ita ma ta faɗa min haka.

Ni dai ban sangarta shi ba, Allah ne shaidata. Ina zan kai shi? In na kai shi ba za a riƙa kiransa mahaukaci har girmansa ba? An ce maganin yana mayar da yaro kamar gunki, gaskiya ne? Kuma yaya zan yi da mahaifinsa? Don Allah a ɓoye sunana.

Maman Abba, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyu na tsaya a wurin da ke kika wuce da gudu kamar Abba a bakin titi: cokali ɗaya na maganin mura kowane dare. Tun yaushe? Ba ki faɗa ba. Wane magani ne? Ba ki faɗa ba. Kin ba ni labarin fensir da carbi da faccala, abin da ya fi su duka nauyi kika saka shi a gefen zance.

Yaron ba mura yake yi ba, don haka ba magani kike ba shi ba, bugar da shi kike yi ya kwanta. Na san gajiya ce ta kai ki, ba mugunta ba, amma ki daina. Yawancin magungunan mura masu sa barci nauyinsu yana kwana a jiki ya wayi gari, yaro ya shiga aji kansa a daskare, sannan a ce ba ya mai da hankali. Wasu yaran ma juyewa yake yi a jikinsu, maimakon ya kwantar da su sai ya ƙara musu zabura. Ki ɗauko kwalbar yanzu ki karanta jikinta. In kika ga kodin a rubuce, kar ki jira komai, gobe da safe ki tafi da yaron da kwalbar wurin likita. Tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, kuma ku a Kano ba sai an ba ku labari ba.

Bari in juya ga sauran masu karatu, don na san ba Maman Abba kaɗai ba ce. Ku da kuke ɗura wa yara maganin mura ranar biki don ku samu ku yi kwalliya, da masu reno da ke yi in uwa ta tafi aiki, da masu kemis da ke miƙo kwalba ba tare da tambayar wa za a ba ba, ku ji tsoron Allah. Mun zauna muna kukan matasanmu sun lalace da shaye-shaye, alhali wasu a cokalin uwa suka fara sanin cewa kwalba tana kawo barci.

Yanzu ga haruffan da aka rubuta miki. Ni ba likita ba ce, kuma ko likita ba zai yanke hukunci daga wasiƙa ba. Amma lalurar gaskiya ce, ba ƙirƙirar Turawa ba ce: yaro ya kasa tsayar da hankalinsa, ya kasa zama, ya aikata kafin ya yi tunani. Kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita, an fi gano ta a maza. Ba hauka ba ce, ba daƙiƙanci ba ne, ba sangarta ke kawo ta ba, bincike ma bai tabbatar da zargin da ake yi wa alawa da sukari ba. Abin da aka fi tabbatarwa shi ne tana bin jini. Kin ji Hajiya ta ce ubansa ma sai da ta ɗaure shi da ƙafar gado? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ba na shiga tsakanin miji da mata, kuma ban ji ta bakin maigidanki ba. Wataƙila tsoro ne ya sa ya jefar da takardar, don babu uban da ke son a laƙaba wa ɗansa suna. Amma mutumin da ke fita bakwai na safe ya dawo bayan isha'i ba shi da bakin cewa an sangarta yaron da bai wuni da shi ba. Duka kuwa an gwada, ke kin yi, malam ya yi, shatin yana bayan yaro, katangar tana nan yana hawa. Da dorina tana maganin wannan abu da tuni ya warke. Wata Lahadin ki shirya zuwa gidanku da goyonki, ki bar masa Abba daga safe zuwa magariba, kar ki ce komai in kin dawo.

Hanyar da za ki bi ba ta fara da asibitin ƙwaƙwalwa ba, kuma wannan zai sauƙaƙa miki maganar da mahaifinsa. Likitan yara za ki fara gani, ki ce a duba lafiyar Abba gaba ɗaya. Akwai abubuwan da ke kama da wannan lalurar kuma ba ita ba ce: kunnen da ba ya ji sosai, idon da ba ya hango allo, ƙarancin jini, barcin da ba ya isa saboda minshari da toshewar hanci, wata irin farfaɗiya da yaro ba ya faɗuwa sai dai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi. Ki tuna ko ya taɓa zazzaɓin da ya kai shi suma ko jijjiga, ki faɗa. Har gubar dalma tana taɓa natsuwar yaro, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma ana samunta a wani kwallin gargajiya da muke rambaɗa wa jarirai. In likitan ya ga da buƙata, shi zai tura ku wurin masana halayyar yara. A Kano akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Masu karatu na wasu wurare akwai na Shika a Zariya, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri.

Kar ki sa ran za a ɗebi jini ko a ɗauki hoton kai a ce ga ta nan. Tambayoyi ne da lura. Za su so su san ko abin ya haura wata 6, ko yana faruwa a wuri fiye da ɗaya, kuma ke kin riga kin lissafa uku: gida, boko, Islamiyya. Ki roƙi malamar ta rubuta abin da take gani a aji, ke ma ki sami ɗan littafi ki yi mako biyu kina rubuta lokacin barcinsa da tashinsa da abin da ya faru. Ki tafi da littafin nan nasa mai zanen mota. In za ki iya lallaɓa Hajiya ta raka ku, ki yi, don labarin ƙafar gado likita zai so ya ji shi, kuma ɗan da ya ƙi jin matarsa da wuya ya hana uwarsa fita. Addu'a ku ci gaba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Hayaƙi a rufaffen ɗaki dai a bar shi.

Batun gunki, wanda kike ba shi da dare shi ne mai mayar da yaro gunki. Maganin da likitoci ke bayarwa, irin su Ritalin, ba na sa barci ba ne, galibi daga shekara 6 ake fara tunaninsa, ƙwararre ne kaɗai ke rubutawa, kuma ana bibiyar nauyin yaro da tsayinsa saboda yana rage cin abinci, yakan kuma hana barci. Ba kowane yaro ne ke buƙatarsa ba. Abin da ba a tsallakewa shi ne sauya yadda ake tafiyar da shi. In za ki aike shi, ki durƙusa ku haɗa ido, aike ɗaya tak, ya maimaita miki da bakinsa. In ya kawo ashanar ki yabe shi nan take, kar ki bari sai ya yi laifi sannan ya ji sunansa a bakinki. Ya yi gudu da ƙwallo da la'asar har ya gaji, a kashe waya da talabijin daga magariba, wanka, labari, kwanciya a lokaci guda kullum. Makon farko ba tare da cokalin nan ba zai yi miki wuya, na faɗa miki tun yanzu. Malamar kuma ta dawo da shi bencin gaba, ta ba shi aikin goge allo da raba littattafai, tunda dole sai ya motsa gara ya motsa da izini.

Ƙanwarki ki bar ni da ita, wata rana zan yi magana a kan masu gayyatar uwa su ce ta bar ɗanta. Ki sake rubuto min bayan kun ga likita, ki faɗa min sunan da ke jikin kwalbar da kuma watannin da kika yi kina ba shi.

Gwaggonku