Amsa ga mai tambaya kan matsa yatsa idan jini ya ƙi fitowa

Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, kin ce kin fara aiki a ƙaramin asibiti, kuma da safe idan kin huda yatsa don gwajin zazzaɓin cizon sauro jinin ba ya fitowa sai kin matsa, kina tambaya ko akwai illa. Akwai, domin matsa yatsa da ƙarfi yana fito da ruwan tsoka ya gauraya da jinin, yana kuma farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai a sami sakamakon da ba na majinyacin ba.

A shekarun da na yi a ɗakin gwaji, na lura cewa yawancin wannan matsala sanyin hannu ne, musamman a hunturu. Ki sa mutum ya wanke hannu da ruwan ɗumi da sabulu, ya shanya, ya saki hannun ƙasa na ɗan lokaci. Wankin yana da wani amfanin idan gwajin siga ne, domin na taɓa ganin na'ura ta nuna adadi mai firgitarwa ga wani dattijo wanda dabino kawai ya taɓa, da ya wanke hannu aka sake sai adadin ya sauko sosai.

Ki zaɓi yatsan tsakiya ko na zobe, ki huda gefen tsokar, ba tsakiyarta ba. Ki bar manuni da babban yatsa saboda kaurin fatarsu da yawan jin zafi, ƙaramin kuma ƙashinsa yana kusa da fata. Bayan goga sifirit ki jira ya bushe da kansa, kada ki hura masa iska. Ki huda sau ɗaya ba tare da ɗari-ɗari ba, domin tausayin da ke sa a huda sama-sama shi ne ke jawo huda ta biyu. Ɗigon farko ki share shi da busasshiyar auduga, ki ɗauki na bayansa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba a gefen dunduniya ake huda shi, ba a bayanta ba inda ƙashi yake. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2010 ta ce zurfin kada ya wuce milimita 2.4, na bakwaini kuwa 0.85.

Abin da ya fi damuna ma ba ki tambaya ba. Allurar huda sau ɗaya ake amfani da ita, a jefa ta nan take cikin akwatin zubar da allurai, kuma na'urar huda mai kama da alƙalami da ake ɗura ta a ciki ta mutum ɗaya ce ko da an sauya allurar, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa kwana 7 a busasshen jini. A Amurka an sha samun ɓarkewar wannan ciwo a gidajen kula da tsofaffi ta hanyar amfani da kayan gwajin siga ɗaya ga mutane da yawa. Ki sauya safar hannu tsakanin majinyata, ki rubuta suna a jikin kayan gwajin a gaban mai shi. Idan allurar ta soke ki, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki sanar da shugabanki a take, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.