Tambaya da Amsa: Wata Biyu a Samaru, Har Yau Ban Yi Ƙawa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina aji ɗaya a Jami'ar Ahmadu Bello, harabar Samaru. Ban samu ɗaki a cikin makaranta ba, sai nake zaune wurin gwaggona a Palladan. Wata biyu ke nan daga lacca sai gida. Kowa da abokan tafiyarsa, ni kuwa ko wadda zan ari littafi wurinta babu. Ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba 'yar Gumel.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Matsalar tana cikin maganar da kika faɗa da bakinki: daga lacca sai gida. Ba a sabo a cikin lacca, musamman irin darussan bai-ɗaya, wato GENS, da ake tara ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban, kowa na neman wurin zama. Ana sabo ne a tsakanin laccoci, lokacin jiran malami, wajen hoton takardu, ko a kan hanyar masallaci. Wannan lokacin ne kike bayarwa ga bas ɗin Palladan.

Don haka ki nemi izinin gwaggo, ki ware kwana biyu a mako da za ki ƙara awa biyu a makaranta bayan lacca ta ƙarshe. Ki tsayar da wuri guda, ko a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko a wani aji na sashenku, ki riƙa zama nan a lokaci ɗaya. Wanda ya saba ganin fuskarki shi ne zai fara gaishe ki. Yau nan gobe can, ba wanda zai shaida ki.

Sai 'yan sashenku. Da su za ki yi shekara huɗu ko biyar, saboda haka sun fi kowa muhimmanci. Ki samu wakilin aji ya sa ki a zauren WhatsApp ɗinku. Daga nan ki zaɓi darasi ɗaya mai wuya, ki ce wa mutum biyu ko uku ku riƙa bitarsa tare sau ɗaya a mako. Kada ku wuce biyar. Da an yi yawa sai hira ta cinye karatun, wasu su dawo 'yan kallo. Ki je da abin hannunki, ko da tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne da kika karɓo wurin 'yan aji biyu. Mai zuwa da wani abu ana nemanta in ba ta zo ba.

Ƙungiya kuwa, ɗaya ta ishe ki a zangon farko. Akwai ta sashe, akwai ta 'yan jiha, akwai kuma Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wato MSSN, wadda aka kafa a Legas tun 1954, tana da ɓangaren mata mai ta'alimi da darussan taimako. Ɗalibai Kiristoci su ma suna da ƙungiyoyinsu, kamar FCS, da kuma NFCS ta 'yan Katolika. Amma biyan kuɗin rajista da zama a bayan taro ba zai amfane ki da komai ba. Ki karɓi ƙaramin aiki: rubuta sunayen mahalarta, shimfiɗa tabarmi, ziyarar maras lafiya a asibitin koyarwa na jami'ar da ke Shika. Aiki ne ke sa a riƙe sunanki.

Wani kuskure da nake so ki kiyaye shi ne maƙalewa 'yan garinku kaɗai. Daɗin zama da na gida gaskiya ne, sai dai jami'ar nan tun 1962 take tara mutane daga kowane lungu na Najeriya. Ko Turancinki bai zauna ba, ki yi magana da wadda ba Bahausa ba. Ita ma sau da yawa Hausar take son koya don cinikin kasuwar Samaru.

Ki yi hattara da duk ƙungiyar da ba ta da rajista a Sashen Harkokin Ɗalibai, ko mai taro a ɓoye, ko mai neman rantsuwa. Haka ƙawar da sabonku ya fara da bashi ko da yawon dare.

In kuma kaɗaicin ya kai ga hana ki barci, cin abinci ko zuwa lacca har mako biyu a jere, wannan ya wuce baƙunta. Ki faɗa wa gwaggo, ki ga malamin da ke kula da ajinku, sannan ki je ofishin ba da shawara ko asibitin makaranta.