Na yi asara a kiwon tarwada, in koma ƙyanƙyasa da kaina?

Wani mai harkar hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano ya aiko da wannan tambaya, ga ta a taƙaice:

"Malam, bara a watan Nuwamba na gina kwamin siminti a bayan gida, tsawo mita 4, faɗi mita 3, ruwan yana kai mita 1. Na zuba 'ya'yan tarwada 2,000 masu tsawon yatsa, don an ce mini tarwada tana da taurin rai. Bayan wata huɗu da muka kwashe, ko rabi ba su kai ba, kuma ni ban ga gawarwaki da yawa ba. 'Yan kaɗan sun zama ƙatta, sauran kamar ba su taɓa cin abinci ba. Ina zargin iri marar kyau aka sayar mini. Yanzu na sayar da kaya, da ɗan kuɗi a hannuna, ina so in sayi iyaye in riƙa ƙyanƙyasa da kaina, in kiwata wasu in sayar da wasu. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Shawarata ita ce kada ka sa kuɗin nan a ƙyanƙyasa bana. Mai yiwuwa irin da ka saya yana da nasa laifin, za mu zo kansa, amma ko da irin da ya fi kowanne kyau a ƙasar nan aka kawo maka, a wannan kwamin, a wannan watan, da wannan adadin, da wuya ka fitar da uwar kuɗinka.

Wanda ya ce maka tarwada tana da taurin rai bai yi ƙarya ba. Allah ya yi mata wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye da ita, a saman kunnuwanta, wato inda kifi ke numfashi a cikin ruwa, shi ya sa za ka gan ta a kasuwa cikin baho da ɗan ruwan da bai rufe bayanta ba, ta wuni tana motsi, alhali karfasa da tuni ta sheƙa. Sai dai kai ba ranta kake sayarwa ba, kilo kake sayarwa. Kifin da ke fama da sanyi ko gurɓataccen ruwa yana nan da ransa, yana ɗan taɓa abinci, amma abincin a fama yake ƙarewa, ba ya zama tsoka. A nan kuɗin masu kiwo da yawa yake zurarewa ba tare da sun ga gawa ko ɗaya ba.

An daɗe ana bincike a kan wannan kifi. Tun a shekarun 1970 da 1980 masana a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka duƙufa a kansa, a nan gida kuma ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji a 1968. Abin da bincike ya tsaya a kai game da zafin ruwa shi ne ƙanana sun fi girma a wajen digiri 30, manya kuma tsakanin 25 da 28. Idan ruwa ya gangaro wajen 20, cin abinci sai ya ja baya sosai, girma ya kusa tsayawa, cuta ta samu ƙofa. To kai ka san yadda daren Kano yake a Disamba da Janairu, iska tana sauka ƙasa da digiri 15, kwamin siminti a fili babu rufi kuma ba ya riƙe ɗumi. Wato cikin wata huɗun da ka yi, biyu na tsakiya hunturu ka ciyar.

Waɗanda suka ɓace ba gawa kuma, 'yan'uwansu ne suka cinye su. A kowace ƙyanƙyasa akwai 'yan tsiraru masu saurin girma, da zarar bakin ɗaya ya isa ya haɗiye na kusa da shi, to ya samu abincin da ya fi na buhu. Ƙattan nan da ka gani ranar kwasa, rabin kifinka yana jikinsu. Maganin ba ya cin kuɗi sosai: kwami na biyu, ko da na tampol ne, da ware manya daga ƙanana duk sati biyu a wata biyun farko, da sassafe kafin a ba su abinci.

Yanzu mu ɗauki alƙalami. Kwaminka yana cin lita 12,000. Da a ce duka 2,000 ɗin sun rayu sun kai kilo guda-guda, tan biyu ke nan a ciki, kusan kilo 167 a kowace lita 1,000. Akwai inda ake haka har a wuce, a Holan misali, amma cikin gini mai ɗumi, da injin tace ruwa da famfo da ba sa tsayawa dare da rana. Kai kuwa ruwanka sai an kawo wuta ko an tayar da janareta. A irin yanayinka ni ba na ba mutum shawarar ya wuce kilo 40 zuwa 50 a kowace lita 1,000, ka ga wajen kifi 500 zuwa 600 ke nan a kwamin, in kilo guda kake nema. Dalilin ba matsatsi ba ne kawai. Kowane kilo na abinci da suka ci yana barin kusan giram 30 na amoniya a ruwa, gubar da ke ƙona kunnuwan kifi, kuma tana ƙara kaifi idan ruwa ya yi zafi. Ruwan zafin kuma oksijin ɗinsa ya fi ƙaranci: a digiri 20 lita guda tana riƙe wajen miligiram 9, a digiri 30 bai wuce 7 da rabi ba. Don haka kada ka ce tunda hunturu ya cuce ka bazara za ta yi maka sassauci. A Afrilu kifi yana ci sosai, yana kashi sosai, ruwa yana lalacewa cikin kwana ɗaya. In ka leƙa da asuba ka tarar da su a tsaye cak a saman ruwa, kai sama jela ƙasa, gashin baki a waje, ga kumfa a gefe ga wari, kada ka je neman magani a kemis, ka sauya ruwa ka tsallake abincin ranar.

Lissafi na biyu ya fi kusa da sana'arka. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwada. Da abinci mai kyau da hannu mai kula, ka ƙaddara kilo 1.2 na abinci zai ba ka kilo 1 na kifi. Buhu kilo 15 ne. Kifi 600 suna buƙatar wajen buhu 48, kifi 2,000 kuma buhu 160. Ka je wurin mai sayar da abinci ka ji farashin yau, ka ninka. Ba ka faɗa mini buhu nawa ka saya bara ba, amma na tabbata ba ka shirya wa 160 ba. Da yawa cikin masu fara kiwo suna tsayar da adadin kifi ne da kuɗin iri, saboda iri yana da araha, sai a wata na uku aljihu ya bushe a koma dusa da hanjin kaji. Kai da kanka ba za ka ɗauko tirelar masara ba sai ka san sitonka zai ɗauke ta. Ka fara ware kuɗin abinci har zuwa ranar kwasa, shi zai gaya maka kifi nawa za ka zuba.

Sai maganar ƙyanƙyasa. Na san abin da ke jan hankalinka: giram ɗaya na ƙwan tarwada yana ɗauke da ƙwai wajen 600, uwa guda mai kilo ɗaya ko biyu tana ba da dubbai masu yawa, kowanne in ya kai yatsa kuɗi ne. A takarda babu sana'ar da ta kai ta riba. Ga yadda take a ƙasa. Tarwada ba ta yin ƙwai da kanta a kwami, sai an yi wa uwar allurar da ke sa ƙwai ya nuna, galibi wadda ake kira Ovaprim, rabin mililita a kowane kilo. A yi da dare, bayan awa 10 zuwa 12 in ruwa yana da ɗumi a matse cikinta cikin busasshen kwano. In an yi gaggawa ƙwan bai nuna ba, in an makara ya lalace, lokacin kuma zafin ruwa ne ke matsar da shi gaba ko baya. Namijin ba ya matsuwa, yawanci sai an yanka shi an ciro maniyyin, wato duk zagaye sai ka rasa uba. A gauraya, a baza a kan raga cikin ruwa mai gudana, cikin kwana ɗaya ko ɗan fiye su fashe. Kwana uku suna cin gwaiduwar jikinsu, daga nan sai abinci mai rai irin Artemia, wasu ƙananan halittun ruwa da ake shigo da ƙwansu daga waje cikin gwangwani, farashinsa yana bin dala. Abin da masu tallan kwas ɗin kwana uku ba sa faɗa shi ne, gaɓar shaƙar iskar nan ba ta fitowa sai ɗan kifi ya yi sati biyu zuwa uku. Kafin nan taurin ran babu shi. Famfo ya tsaya dare ɗaya, da safe sai ka kwashe su da cokali.

In ma sun rayu, kaya ne da ba ya ajiyuwa. Gero in kasuwa ta faɗi ka rufe sito ka jira. 'Ya'yan kifi in sun isa sayarwa ba mai saye, kullum suna cin abinci suna cin juna. Masu saye kuma suna bin wanda suka gwada suka ga kifinsa ya girma, kai kuwa ba ka riga ka fitar da zagaye ɗaya mai kyau da za ka nuna ba.

Zarginka a kan iri yana da tushe, ba na kore shi. Matsala biyu ce ta fi yawa. Wasu masu ƙyanƙyasa suna ɗaukar uwa da uba daga ɗiba ɗaya, wa da ƙanwa, shekara da shekaru, har iri ya raunana, a riƙa samun masu karkataccen baya. Wasu kuma in sun ware masu saurin girma sun sayar ko sun ajiye wa kansu, ragowar tsumburarrun da suka yi wata biyu ko uku sai a sayar wa baƙon fuska a matsayin sababbi. Amma ka lura, in ka sayi iyaye daga wuri ɗaya ka fara naka, matsalar farko ka shigo da ita gida. Gyaran iri na gaskiya aikin shekaru ne. Karfasar nan da ake kira GIFT, a ƙasar Filifin aka fara aikinta a 1988, aka tattaro iri daga ƙasashen Afirka da na Asiya, ana zaɓe zuriya bayan zuriya, kowace zuriya tana ƙara saurin girma da sama da kashi 10 cikin 100. Wannan ba aikin bayan gida ba ne. Tunda na ambaci karfasa, kada a ruɗe ka da ita a matsayin mafita: ta fi tarwada buƙatar oksijin, sanyi mai tsanani yana kashe ta, in kuma aka haɗa maza da mata sai ta cika wurin da 'ya'ya kowa ya tsumbure. Irin da ake samu daga barbarar tarwada da ramboshi kuma yana yin girma ƙwarai, sai dai ya fi dacewa da mai jiran wata shida ko fiye wanda ya riga ya san mai sayen manyan kifi.

Ga inda zan sa kuɗin da ni ne. Kwami na biyu da rumfa ko leda mai kauri ta rufewa da dare. Ma'aunin zafin ruwa, wanda kuɗinsa bai kai na buhun abinci ba, da littafi: zafin ruwa safe da yamma, abincin da aka ba su, waɗanda suka mutu, nauyin guda 20 duk sati biyu. Sola a kan bohol in kuɗi ya kai, domin ruwa shi ne rabin sana'ar. Ruwan bohol da ɗuminsa yake fitowa a hunturu, don haka a zuba shi kai tsaye maimakon wanda ya kwana a tankin sama, amma a bar shi ya faɗo yana fantsama saboda ba ya zuwa da oksijin sosai. Ruwan famfon gwamnati kuwa yana da kulorin, sai ya kwana a buɗe.

Ka zuba a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, zagaye na biyu a Yuli, yadda sanyi zai tarar da kai ka kwashe ko kifin ya riga ya yi ƙwari. Ka sayi waɗanda suka ɗara yatsa, ko da sun ninka kuɗi, domin sun wuce lokacin da aka fi mutuwa. Ka je wurin da kanka, ka ga iyayen, ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su, ka duba ko kansu ɗaya. In za ka iya, ka ɗauki 300 a wuri ɗaya, 300 a wani wurin, kowanne da kwaminsa, abinci iri ɗaya. Cikin wata guda sikeli zai raba maka gardamar iri fiye da duk abin da ni ko mai sayarwa za mu faɗa.

Kafin ka zuba ko ɗaya, ka zauna da masu saye. Masu banda sun fi son matsakaici, wanda ake samu cikin wata uku, masu gashi da farfesu kuma suna neman kilo guda zuwa sama. Na banda yana juya kuɗi da sauri kuma bai cika wahalar da ruwa ba, shi ya sa nake ganin ya fi dacewa da zagayenka na farko. Ka ji farashin bakin kwami daga dillali biyu ko uku, ka tsayar da maganar sikelin wa za a yi amfani da shi da kuma ko kuɗi hannu ne.

In ka yi zagaye uku littafinka yana nuna takwas cikin goma suna kaiwa kasuwa, abinci kuma bai wuce lissafin da muka yi ba, to lokacin maganar ƙyanƙyasa ya yi. Ko a sannan, ka tura yaro mai hankali ya yi wata biyu ko uku a hannun wanda ke yin ta, ko ya nemi horo a kwalejin kifi ta tarayya da ke New Bussa, ku fara da uwa ɗaya don kwaminku kafin ku yi wa kowa alkawarin iri.